Wa Ya Buga Takardar? Darasin Da Firinta Ta Koya Min A SIWES

Lokacin da nake SIWES a wani ofis, an wayi gari takardar albashin ma'aikata tana yawo a WhatsApp, hoton wadda aka buga a firintar ofishin. Wa za a fara zargi? Ɗan IT mana, tunda ni ake aika ɗauko takardu kullum. Na yi rantsuwa har na gaji. Da oga ya kira injiniya ya duba wanda ya buga ta, sai aka tarar ba a taɓa kunna rajistar na'urar ba, agogonta ma shekarar da yake nunawa daban. Maganar ta mutu, amma har na gama ana min wani irin kallo.

'Yan uwa ɗalibai, babbar firintar ofis kwamfuta ce. Tana kan netwok, da yawansu kuma suna da hadis mai iya riƙe kwafin abin da aka buga ko aka yi sikanin. A 2017 wani ɗan kutse ya sa firintoci kusan 150,000 a faɗin duniya suka buga saƙonsa, don kawai an bar su a buɗe a intanet. Ga abin da na koya a wurin injiniyan nan.

Da farko ka rubuta lambar IP ta firintar a burawuza, shafin saitinta zai buɗe. Canza kalmar sirrin admin nan take, domin wadda ta zo da ita daga kamfani kowa na iya samunta a littafin na'urar. Sai ka kunna HTTPS don kada a tsinci kalmar a hanya.

Na biyu, rufe ƙofofin da ba a amfani da su, irin su Telnet da FTP. Ƙofa ta 9100 kuwa, wadda ake tura aiki kai tsaye ta cikinta, ka taƙaita ta ga kwamfutocin ofis kaɗai.

Na uku, kowa ya samu asusunsa da lambar sirrinsa, yadda takarda ba za ta fito ba sai mai ita ya tsaya a gaban na'urar ya danna. In kowa da lamba ɗaya yake shiga, rajista ba ta da amfani.

Na huɗu, rajistar kanta. Galibi tana ƙarƙashin Security da sunan Audit Log. Ita ke rubuta wanda ya shiga, abin da ya yi, da lokacin, har da wanda ya gwada kalmar sirri ya kasa. Amma ka fara daidaita agogo da sabar NTP, in ba haka ba shaidarka ta rushe. Ma'ajiyar firinta ƙarama ce, sabon bayani na iya shafe tsoho, don haka ka tura rajistar zuwa sabar syslog, yawanci ta ƙofa ta 514. Ka buga shafi ɗaya na gwaji, ka tabbatar sunanka ya fito.

Abu na ƙarshe: kada ka taɓa komai sai da izinin oga. Da an yi wannan saitin kafin zuwana, da rajista ce ta wanke ni, ba rantsuwa ba.