Jackie Chan: Yadda Sarkin Ban Dariya Ya Koma Finafinan 'Yan Daba

Duk wanda ya yi ƙuruciya a zangon Salaga, Yendi ko Bawku a shekarun 1980 da 1990, da wuya a ce bai taɓa biyan kuɗin shiga gidan bidiyo domin kallon fim ɗin Cana ba. A wancan zamani mai janareto da talabijin guda kan jera benci, ya rataye hoton fim ɗin da aka zana da fenti a jikin buhun fulawa, yara da 'yan dako su cika wuri. Idan aka ce yau na Jackie Chan ne, kowa ya san zai sha dariya har da hawaye.

An haifi wannan jarumi a Hong Kong a 1954, kuma ya yi fice a 1978 da fim ɗin Drunken Master. Jarinsa shi ne jikinsa, domin shi da kansa yake yin mafi yawan tsalle-tsalle masu haɗari. A lokacin ɗaukar Armour of God, wanda ya fito a 1986, ya faɗo daga kan bishiya a Yugoslabiya, ƙoƙon kansa ya fashe, sai da aka yi masa tiyata. To amma jiki ba ƙarfe ba ne.

Alamar canji ta fara bayyana a 2004, yana da shekara 50, a New Police Story, inda ya fito a matsayin ɗan sandan da aka kashe masa yaransa, ya koma mashayi. Sai dai wanda ya fi girgiza masoyansa shi ne Shinjuku Incident na 2009, kuma a ganina shi ya fi dacewa mutanen bakin iyaka su kalla. Labarin wani makanikin tarakta ne da ya shiga Japan ba takardu, yana neman budurwarsa. Ya yi aikin kwasar shara da yasar kwata, daga baya ya faɗa hannun 'yan dabar ƙasar da ake kira yakuza, wai don ya kare 'yan uwansa baƙi. Da suka samu kuɗi, su ma suka zama abin tsoro. Akwai wani abokinsa mai talla da kura, wanda aka datse wa hannu. Babu kumfu, babu raha. Saboda yawan zubar da jini, ba a nuna fim ɗin a sinimomin babban yankin Cana ba. Duk wanda ya taɓa zama a wata ƙasa yana ɓuya wa jami'an shige da fice, zai gane halin da mutanen nan suke ciki.

A 2017 kuma, yana da shekara 63, ya yi The Foreigner tare da Pierce Brosnan: dattijo mai gidan abinci a Landan, wanda bam ya kashe 'yarsa, yana ɗingishi yana farautar waɗanda suka dasa shi.

Ba wai ya bar ban dariya ɗungurungum ba ne, domin a wannan shekarar ma ya fitar da Kung Fu Yoga. Amma masu tura finafinai a waya cikin kasuwanninmu su lura: magidancin da ya ce a sa wa yara "na Jackie Chan", Drunken Master yake nufi, ba Shinjuku ba. A tambaye shi tukuna kafin a tura.