Kula da Rediyonka Mai Memori

Ɗalibanmu masu tafiya hutu Batsari da Safana, da yawanku kuna da ƙaramin rediyo mai memori don jin waƙoƙin yabo. Ga abin lura.

In da janareta za ka yi caji, bari wutar ta daidaita tukuna ka jona. Kada ka bar rediyon cikin rana ko ƙarƙashin matashi yana caji, gama batirin yakan kumbura, har ya kama wuta.

In kana sa iyafis, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100. Ji in ya lalace ta wannan hanya, ba ya dawowa. Da kunnen nan za ka ji Maganar Allah har tsufa.