Ina Magana Ke Ƙarewa A Cikin Kwamfuta?

A aji nakan tambayi ɗalibaina yadda mai sauraro ke gane cewa kalma ta ƙare. Ashe irin wannan tambaya ta daɗe tana hana masu gina zuciyar manhajar Linux barci, wato ginshiƙin da wayoyin Android na aljihunmu ke tsaye a kai.

A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, jerin haruffa ba ya ɗauke da bayanin tsawonsa. Sifiri ake ajiyewa bayan harafin ƙarshe, shi ne ayarsa. Tsohon umarnin kwafi, strcpy, yakan yi ta zuba haruffa har ya tarar da sifirin, ko da mazubin ya cika ya tumbatsa. Ta irin wannan ambaliya masu kutse suka sha shiga na'urorin jama'a. Ƙaninsa strncpy yakan tsaya a kan iyaka, amma in rubutu ya yi tsawo sai ya bar shi ba sifiri.

A 1998 Todd Miller da Theo de Raadt na OpenBSD suka kawo strlcpy, daga baya Linux ta ɗauka. Shi kuma aibinsa, sai ya karanta rubutun asali har ƙarshe, ko da kaɗan zai kwafa. Don haka a 2015 Chris Metcalf ya shigar da strscpy cikin Linux 4.3: yana rufewa da sifiri, in kuma ya datse rubutu sai ya ba da alamar kuskure. Linus Torvalds ya karɓa, amma ya ja kunne kada a bi tsofaffin layuka ana sauyawa ido rufe. Sai a 2024, a Linux 6.8, aka gama kawar da strlcpy.

Ni kuwa, mai karatu, ga inda abin ya fi taɓa ni. Shi strscpy bayit yake ƙirgawa, ba haruffa ba. A tsarin UTF-8, k bayit ɗaya ce, amma ƙ, ɗ da ɓ kowace biyu ce. In iyaka ta faɗo tsakiyar ƙ, sai a bar guntun da ba harafi ba ne a kowane harshe. Umarnin zai shaida ya datse, amma bai san ya tsaga harafi ba. Gyaran ya rage ga wanda ya kira shi. Sunan kowane shiri mai gudana, alal misali, bayit 15 kacal zuciyar ke riƙewa. Baturen Ingila ya sami haruffa 15 cif, Bahaushen da ya sa ƙ ko ɗ a sunan kuwa, nasa bai kai haka ba.