Ruwan da ake zubarwa bayan yin takarda da hannu: illarsa da yadda ake gyara shi

A ƙasashe irin su Nepal, Tailan da Indiya, har yau iyalai da yawa suna cin abinci da sana'ar yin takarda da hannu. A Nepal ana amfani da ɓawon wani tsiro mai suna lokta, a arewacin Tailan ɓawon itacen malberi, a Sanganer ta Indiya kuma tsummokaran auduga. Sana'ar tana cin ruwa sosai, kuma ruwan da ke fitowa daga cikinta yana iya cutar da mai aikin da maƙwabtansa.

Mene ne a cikin ruwan?

Kafin ɓawo ya zama takarda sai an dafa shi, galibi da kostik soda, wadda masu rini da masu haɗa sabulu a ƙasar Hausa suka sani sarai. Ruwan dahuwar yana fitowa baƙi, kuma shi ne mafi haɗari. A ma'aunin pH yakan kai 12 ko fiye, alhali ruwan sha yana tsakanin 6.5 da 8.5. Bayansa akwai ruwan ɗauraya mai ɗauke da ɓurɓushin zare, da ruwan bilic, da ruwan kala.

Illarsa ga lafiya

Soda tana cin fata a hankali, sau da yawa ba a jin zafin nan take. Idan ta fantsama a ido tana iya makantar da mutum. Yaron da ya sha ta kuwa, maƙoshinsa na iya ƙonewa, daga baya ya tsuke har haɗiye abinci ya gagara. Idan ruwan ya shiga rafi, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da dattin suna cinye iskar oksijin, kifi ya mutu, ruwan ya yi wari.

Yadda ake gyara shi

1. A ware baƙin ruwan dahuwa daban. Shi kaɗan ne, amma shi ke ɗauke da mafi yawan guba.
2. A tace ruwan ɗauraya da raga ko ƙyalle. Zaren da aka tara yana komawa cikin aiki.
3. A rage ƙarfin sodar ta hanyar zuba ruwan asid mai rauni kaɗan-kaɗan, ana gwadawa da takardar pH har ya kusa 7. Kada a taɓa haɗa asid da ruwan bilic, domin suna fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi.
4. A zuba alam, a bar dattin ya kwanta a kwatarniya ko tankin siminti. Kada a yi amfani da rami marar daɓe kusa da rijiya.
5. A bi da ruwan ta cikin yashi da gawayi kafin a sake shi.

Ko da ruwan ya yi garau, ba na sha ba ne, ba na girki ba.

Idan hatsari ya faru

A cire tufafin da ya jiƙe, a kwarara ruwa mai tsabta a kan fata ko ido na aƙalla minti 20, sannan a tafi asibiti. Idan an sha, kada a sa mutum ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko ruwan tsami. A garzaya da shi asibiti tare da mazubin abin da ya sha.

Safar hannu ta roba, takalmin ruwa da gilashin kare ido sun fi jinyar ƙuna araha. Kuma kada a taɓa ajiye soda a gorar ruwa ko kwalbar lemo inda yara ke wasa.