Inda Aka Faɗi da Inda Aka Yi Tuntuɓe: Yadda Kwamfuta Ke Bayyana Kuskuren Nahawu

A ce ɗalibi ya rubuta insha'i mai shafi uku ya miƙa wa malaminsa, malam ya karanta, ya ɗauki jan biro ya rubuta "akwai kuskure" a ƙarshen takarda, ya mayar masa ba tare da ya ja layi a ko'ina ba. Babu shakka malam ya faɗi gaskiya, amma gaskiyar ba ta amfani yaron da komai ba. Irin wannan hali ne masu koyon rubuta wa kwamfuta umarni suka daɗe suna fuskanta, kuma shi ne dalilin da ya sa wasu ɗalibai masu hazaƙa ke karaya tun a makon farko, su ɗauka cewa fannin ya fi ƙarfinsu.

Harshen na'ura ma yana da nahawu

Kwamfuta ba ta jin Hausa ko Turanci. Lambobi kawai take aiki da su. Saboda haka aka ƙirƙiro harsuna na musamman, irin su FORTRAN da Pascal da C da Python, waɗanda mutum zai rubuta umarninsa da su, sa'an nan wata manhaja ta juya rubutun zuwa abin da na'ura ke ganewa. Wannan manhaja za mu kira ta tafinta. Wanda ya fara shahara shi ne tafintan FORTRAN, wanda kamfanin IBM na Amurka ya fitar a shekarar 1957 a ƙarƙashin jagorancin John Backus.

Kafin tafinta ya fassara komai, sai ya yi ayyuka biyu. Da farko yakan yayyanka rubutun zuwa ƙananan gaɓoɓi: suna, lamba, alamar lissafi, waƙafi, baka. Daga nan sai ya yi musu li'irabi. Ɗalibin da ya taɓa zana bishiyar li'irabi a darasin nahawun Hausa, ya raba jimla zuwa yankin suna da yankin aikatau, ya riga ya san wannan aiki. Kamancin ba na banza ba ne: masanin harshe Noam Chomsky ya bayyana rabe-raben nahawu ta hanyar lissafi a 1956, kuma salon rubuta dokokin harshen kwamfuta da Backus da Peter Naur ɗan ƙasar Denmak suka yi amfani da shi wajen bayyana harshen ALGOL 60 ya dace da ɗaya daga cikin waɗannan rabe-rabe.

Bambancin shi ne, mutum yakan yi wa mai magana uzuri, ya cike giɓi da hankalinsa. Tafinta kuwa ba ya yi. Waƙafi ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya.

Tushen matsalar

Mu dubi wannan jimla: "Malam ya ba ɗaliban da suka ci jarrabawar da aka yi a makon jiya." Mai karatu zai yi ta bin ta lafiya lau, sai ya iso ga aya sannan ya farga cewa ba a faɗi abin da malam ya bayar ba. Har zuwa kalmar ƙarshe jimlar tana iya gyaruwa, domin da an ƙara "littattafai" da ta cika. Wato ba a iya gane kuskure sai an iso wurin da babu sauran hanyar da za a ci gaba.

Haka tafinta yake. Yana karatu daga hagu zuwa dama, gaɓa bayan gaɓa, yana tambaya: shin abin da na gani zuwa yanzu zai iya zama farkon umarni ingantacce? Muddin amsar i ce, zai wuce. Inda amsar ta zama a'a, nan zai tsaya ya yi ƙorafi. To amma wurin da ya faɗi ba lallai ne ya zama wurin da aka yi tuntuɓe ba. Ga misali da harshen Python:

maki = [45, 62, 78
jimla = sum(maki)

Marubucin ya buɗe baka a layi na farko domin jera makin ɗalibai, ya manta bai rufe ba. Da yake Python ya yarda jeri ya zarce zuwa layi na gaba, tafinta bai ga laifin layin farko ba. Sai da ya ci karo da kalmar "jimla" bayan lamba 78 ba tare da waƙafi ba sannan ya tsaya. Tsofaffin fitowar Python sukan nuna layi na biyu su ce "invalid syntax", wato nahawu bai inganta ba. Ɗalibi sai ya zura wa layi na biyu ido, alhali lafiyarsa ƙalau. Daga fitowa ta 3.10, ta shekarar 2021, saƙon ya sauya: yakan nuna bakan da ke layi na farko, ya ce ba a rufe shi ba. Abin da aka yi shi ne, an sa tafinta ya riƙa tuna inda aka buɗe kowane baka, don in ya faɗi ya waiwaya.

Siffofin saƙo mai amfani

Saƙo nagari yakan amsa tambayoyi huɗu. Na farko, a ina? Ba lambar layi kaɗai ba, har da gurbin harafi, tare da sake buga layin da sa alama a ƙarƙashin wurin. Na biyu, me aka gani? Na uku, me ake sa ran gani? Wannan bayani yana hannun tafinta tun asali, domin dokokin nahawu sun faɗa masa gaɓoɓin da suka halatta a kowane mataki. Rowa ce kawai a ƙi faɗa. Na huɗu, mene ne gyaran da ya fi kusa? Nan sai an yi hattara, domin shawarar zato ce, kuma zaton da ya kauce yakan ɓatar da mai koyo fiye da shiru. Shi ya sa tafintoci masu kyau ke gabatar da ita da "wataƙila".

Ba kullum aka kula da wannan ba. Manhajar Yacc, wadda Stephen Johnson ya rubuta a ɗakunan binciken Bell a shekarun 1970 domin sauƙaƙa gina na'urar li'irabi, saƙonta na asali kalmomi biyu ne kacal: "syntax error", wato kuskuren ginin jimla. Wanda ke son ƙarin bayani sai ya rubuta da kansa.

Bayan kuskuren farko, sai me?

A shekarun 1960 ana huda umarni ne a kan katuna, a miƙa wa ma'aikacin ɗakin kwamfuta, a dawo bayan sa'o'i a karɓi sakamako. Idan tafinta ya tsaya a kuskuren farko, mai kuskure goma sai ya yi sawu goma. Don haka jami'o'i suka tashi tsaye. Jami'ar Waterloo ta Kanada ta fitar da WATFOR a 1965, tafinta mai sauri da bayani filla-filla domin ɗalibai. Jami'ar Cornell ta Amurka kuma ta gina PL/C a farkon shekarun 1970, wanda kan yi ƙoƙarin gyara kuskuren da kansa, ya sanar da abin da ya gyara, ya ci gaba da aiki.

Hanya mafi sauƙi ta ci gaba ita ce tafinta ya yi ta tsallake gaɓoɓi har ya iso wata alama tabbatacciya, kamar waƙafi mai ruwa da ke rufe umarni a C da Pascal, ya sake farawa daga nan. Haɗarinta shi ne, in ya sauka a wurin da bai dace ba, kuskure ɗaya sai ya haifi saƙonni barkatai na ƙarya. Wannan ne ya sa tafintan Clang yakan dakata bayan kurakurai 20 in ba a umarce shi da wuce haka ba. Turbo Pascal na kamfanin Borland, wanda ya fito a 1983, ya bi wata hanya dabam: yakan tsaya a kuskuren farko, ya kai mai rubutu daidai wurin a kan allo, tun da sake gwadawa ba ta wuce daƙiƙoƙi ba.

Iyakar ganin tafinta

Ya kamata a sani cewa shirun tafinta ba shaidar inganci ba ce. A tsohon FORTRAN, umarnin DO 10 I = 1,10 yana nufin a maimaita aiki sau goma. In aka buga aya a maimakon waƙafi, ya zama 1.10, tafinta ba zai ce uffan ba, domin harshen ba ya kula da tazarar da ke tsakanin haruffa. Sai ya ɗauka an sa lamba 1.10 a cikin wani suna DO10I. Nahawu ya inganta, nufi ya lalace.

Shawara ga ɗalibai da malamai

Ɗalibi ya fara da saƙo na farko, ya gyara shi, ya sake gwadawa kafin ya dubi sauran. In layin da aka nuna ba shi da aibu, ya koma baya, ya ƙirga baka da alamun zance da ya buɗe. Malami kuwa zai yi wa ajinsa babban gata in ya ware darasi guda ya ɓata ingantaccen umarni da gangan, ya cire waƙafi nan, ya cire baka can, ɗalibai su ga abin da na'ura za ta ce a kowane hali. Wanda kuma Allah ya nufa wata rana zai gina tafinta, ya tuna cewa saƙon kuskure mutum ake rubuta wa, kuma sau da yawa mutumin sabon shiga ne.