Allurar da ta karɓi gurbin kwinin a ɗakin yara

A yawancin ƙasar Kano, da damina ta ɗauke sauro yakan lafa. A Kura da Bunkure da Garun Malam ba haka abin yake ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwanta ta magudanai zuwa filayen Kadawa, manomi yake noman shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Ruwan da yake kwanciya a fangali da bakin kwalbati kuwa, nan sauro yake ƙyanƙyasa. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara na watannin damina ne, alhali a nan zazzaɓi bai san rani ba.

Shekarun baya, in aka kawo yaro asibiti da zazzaɓin maleriya yana jijjiga ko ya fita hayyacinsa, kwinin ake sa masa a cikin ƙarin ruwa. Kowace leda sai ta ɗauki kimanin awa 4 tana ɗiga, a maimaita duk bayan awa 8, nas tana tsaye a kai don kada ruwan ya yi gudu. Kwinin yana toshe kunne, yana kuma iya karya sukarin jini, wanda shi kansa kan kashe yaro.

A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna AQUAMAT, wanda aka yi a kan yara fiye da 5,400 a ƙasashen Afirka 9, har da Ilorin a nan gida. Cikin waɗanda aka ba kwinin kashi 10.9 cikin ɗari sun rasu, cikin waɗanda aka yi wa allurar atesunet kuwa kashi 8.5. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba wajen maganin maleriya mai tsanani, Najeriya ma ta bi. Asalin maganin daga wani tsiro ne dangin tazargade, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tato sinadarinsa, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Kada wannan ya ruɗi kowa, jiƙon ganye ba ya tsayawa a madadin allurar.

Aikinta da sauƙi. A auna nauyin yaro, a haɗa garin maganin da ruwansa, a tura ta jijiya cikin 'yan mintuna. A sake bayan awa 12, a ƙara a awa ta 24. Matsalar daga nan take farawa. Sau da yawa bayan allura ta biyu yaro ya buɗe ido, ya nemi koko, uba kuma ga shinkafa tana jiran ban-ruwa, sai a ce ya warke a nemi sallama. Bai warke ba. Sai an cika allura uku, sannan a bi da ƙwayoyin maganin maleriya da ake kira ACT na kwana 3, in ba haka ba ragowar ƙwayar cutar ta sake tasowa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba: wasu yaran jininsu yakan ragu mako ɗaya zuwa uku bayan allurar. In tafin hannun yaro ya ɗashe, ko fitsarinsa ya yi duhu, a koma a auna jini.

A ganina, babban abin da yake cinye yaranmu yanzu jinkiri ne. A fara da kemis, a koma hayaƙi da rubutu don an ce iska ce, sai dare ya raba a nemi mai babur zuwa Babban Asibitin Kura, wani lokacin ma sai an wuce da yaron asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano neman ƙarin jini. Uwa, in yaronki ya kasa shan nono, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko ya fara jijjiga, ki kama hanyar asibiti a lokacin, kada ki jira gari ya waye.