Kayan ɗaki na hannu: Yadda tsadar rayuwa ta mayar da iyaye gidan dillaliya

A ƙasar Hausa, ango ne ke neman muhalli, iyayen amarya kuma su cika shi: gado da katifa, kujeru, sif, madubi, labule da kayan kicin. Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, wannan nauyi ya ƙara danne iyaye. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Katako ya yi tsada, haka soso da yadi da fenti, kafinta kuwa dole ya ɗora a kan mai saye.

Shi ya sa iyaye da magidanta da dama a birane irin su Kano suka koma ga kayan hannu. Dillaliyar da aka sani tana bi gida-gida, yanzu hotunan kaya take sakawa a WhatsApp da Facebook, a yi ciniki, a turo mai a-kori-kura ya kwashe.

Dabarar masu ƙaramin ƙarfi ita ce a sayi ƙashin, a sabunta fatar. Kujerar da katakonta ke da ƙwari, ko da yadinta ya koɗe, kafinta zai sauya mata soso da yadi ta fito tamkar sabuwa. Tsohon gadon katako na gaske ya fi jure kwancewa da ɗaurawa a kan na allon MDF, wanda ke kumbura da zarar ruwa ya taɓa shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mazauna gidan haya da ke yawan tashi.

Sai dai arha ba ta hana asara. Garin katako a ƙarƙashin kujera alama ce ta ƙwaro ya ci cikinta. Ɗigo-ɗigon baƙi a ɗinki da lungunan gado kuwa kashin kuɗin-cizo ne, wanda kan yi watanni bai sha jini ba kuma bai mutu ba. Saboda haka katifa ce abin da ya fi dacewa a daure a saya sabuwa.

Akwai kuma tambayar da bai kamata mai saye ya ji nauyin yi ba: kayan na wace ce, kuma da yardarta ake sayarwa? Kayan ɗaki mallakin mace ne, su ne asusunta ranar da ciwo ko kuɗin makaranta ko mutuwar aure suka taso. Akan samu miji ya fitar da su a bayan idonta, magana ta ƙare a gaban alƙali, mai saye ya rasa kaya ya shiga neman kuɗinsa.

Abin da ya rage shi ne tsoron bakin dangin ango ranar jere. Amma 'yan kallon ɗaki da yamma suke watsewa, bashin sabbin kujeru kuwa uban amarya ake bari da shi.